Waƙar da Ke Raka Amare

Tun da Mardiya ta ji moton Nazir, babur ɗin nan nasa, ya tsaya bayan darninsu da rana tsaka, gabanta ya faɗi. Wane saurayi ne ke zuwa zance ana shirin kiran azahar? Wata bakwai yana nemanta, bai taɓa zuwa ba sai bayan la'asar, in ya gama duba buhunan albasar mahaifinsa a fadamar Tama.

Ta jingine taɓarya, ta yafa gyale ta fita.

Yana tsaye a gindin itacen bedi, idanunsa jajur. Ko sallamar kirki bai iya yi ba.

"Lahiya, Nazir?"

"Ba lahiya ba. Baba ya ce a dakata da sa rana."

"A dakata? Har yaushe?"

"Bai ce ba."

Saura kwana tara manyansa su taso daga Madawa su zo a tsayar da ranar biki. An kai goron tambaya, an karɓa, an raba wa dangi har na garin Babankatami. Duk wanda ya tauna goron nan ya san Mardiya ɗiyar Malam Hamidu mai lambu ta yi miji.

"Mi munka yi muku?" ta tambaya.

"Ba ku yi komi ba. Ni na yi. Da hannuna na yi, Mardiya."

Ya ciro wayarsa daga aljihu, ya riƙe ta kamar garwashi.

Bari in ɗan koma da ku baya, don wanda bai san waƙar Sauka Lahiya ba, ba zai gane kukan da ke tafe ba.

Shekara ashirin da uku ke nan wasu samarin Madawa suka haɗa wani fim. Fim ɗin kansa yau ko sunan jarumarsa da wuya ka samu mai tunawa, kaset ɗin ma ya daɗe da cinyewa. Amma a ciki akwai waƙa guda, inda ake fitar da amarya daga gidansu, wannan waƙa ta ƙi mutuwa. Ta fita daga kaset ta shiga faifai, ta fita daga faifai ta shiga waya. Daga Madawa har Buza har Keita, ba a sa amarya a mota sai an kunna ta. Tsofaffin da ke zagin 'yan fim safe da yamma, da an ce "Sauka lahiya ɗiyar mutane," sai ka ga suna share ido da bakin zane. 'Yan matan da ba a haifa ba lokacin da aka rera ta sun haddace ta fiye da karatun boko na lakwal.

Wa ya rera? Oho. Wasu su ce jarumar ce da kanta, wasu su ce wata yarinya ce aka ɗauko daga ƙetaren iyaka. Ba a rubuta sunan kowa ba.

To mako uku da suka wuce, Nazir ya kawo wa gidan su Mardiya tsarabar Madawa. Ya iso bakin darni sai ya ji Inna A'i, mahaifiyar Mardiya, tana shiƙar gero ita kaɗai a tsakar gida. Yaro mai kunya ba ya faɗa wa surukarsa kai tsaye, don haka ya laɓe yana jiran ta shiga ɗaki. Yana nan laɓe ta fara waƙa, a hankali, don kanta, tana kaɗa faifai.

Tsigar jikinsa ta tashi. Sauka Lahiya ce, amma bai taɓa jin wanda ya rera ta haka ba. Kuma da ta kai inda kaset ke ƙarewa ba ta tsaya ba, ta zarce da wani baiti na uku da bai taɓa ji ba a duniya.

Da ya ji daɗinsa ya haɗiye, da an zauna lafiya. Ina! Yaran yanzu in abu ya burge su sai waya ta shaida. Ya danna, ya ɗauka, da yamma ya tura wa abokansa a grup, ya rubuta a ƙasa: "Ku ji muryar surukata, ta hi ta kaset."

Alfahari yake yi, Allah ya sani.

"Ban san za ta hita daga grup ba," in ji Nazir, yana kallon ƙasa. "Wani ya tura ma wani, har ta kai ga Tsoho mai kaset na bakin tashar Madawa. Ashe yana cikin ɗakin ranar da anka ɗauki waƙar. Ya yi bokal, saƙon murya, yana kuka, ya ce wallahi ita ce, ba mai kama da ita ba. Ya ce baitin nan na ukku su biyar kaɗai sunka san shi, don yanke shi anka yi. Shekaranjiya har radiyo ta sa."

Mardiya ta dafa bedin. "Inna? Innata ce ta rera Sauka Lahiya?"

"Ke ma ba ki sani ba?"

Ta girgiza kai. Sau nawa ta tsaya kusa da Inna a gidan biki ana kunna waƙar nan? Kullum Inna sai ta ce kanta na ciwo ta koma gida. Ashe!

"To mi ya haɗa wannan da aurenmu?"

"Gwaggo Dela ta tahi Madawa ta sami Baba. Ta ce a sake bincike. Anka bincika, anka ce kakar Inna zabiya ce, da ita aka yin wasa a garinsu tun kahin su karɓi salla. Baba ya ce gidanmu ba mu haɗa jini da maroƙa."

Gwaggo Dela ƙanwar mahaifinsa Alhaji ce, a nan Tama take aure, gidanta ne masaukinsa in ya zo sayen albasa. Tana kuma da ɗiya budurwa, Fa'iza, wadda tun suna yara ake tsokanarsu da mata da miji. Ba sai an yi wa mai hankali dogon bayani ba.

"Nazir, bara da anka yi bikin ƙanwarka, wace waƙa anka sa lokacin da za ta shiga mota?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake."

"Ita anka sa."

"Babanka ya hana?"

"Shi ya ce a sake sawa." Hawaye suka gangaro masa. "Na hwaɗa mishi haka, Mardiya. Ya ce mutum yana cin naman mahauci, ba ya ba shi ɗiya."

Ta juya ta shige gida, bai iya ko kiran sunanta ba.

*

Inna A'i na zaune bakin murhu tana tankaɗe. Kallo ɗaya ta yi wa ɗiyarta ta ajiye rariya. Mardiya ce 'yar farinta, don haka tun da ta haife ta ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan."

"Ke, ya hwaɗa miki ko?"

"Inna, da gaske ne?"

"Da gaske ne."

Mardiya ta zube a gabanta ta fashe da kuka. "Don mi ba ki taɓa gaya min ba? Ni ɗiyarki ce! Ƙasa duka na kuka da muryarki, ni ina kwana ɗaki ɗaya da ke ban sani ba!"

"Don gudun wagga ranar na ɓoye."

Ta jawo kan Mardiya ta ɗora a cinyarta, abin da ba ta saba yi ba.

"Shekarata goma sha bakwai. An kai ni Madawa wurin ƙanwar uwata ina taya ta saida hura. Ina daka ina waƙar da kakata ke yi min, na ƙara mata nawa. Yaran maƙwabta masu him sunka ji, sunka yi ta roƙo. Yini guda ne, ke. Tsakanin azahar da la'asar. Anka sa ni wani ɗan ɗaki mai katihu a bango, anka ce in rera, na rera. Sunka ba ni lemu mai sanyi na sha na koma ga hurata."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Wata huɗu bayan nan, ina tahiya kasuwa sai na ji kaina yana hitowa daga kowane shago. Na yi murna, ba zan yi miki ƙarya ba. Na yi murnar da ban sake yin irinta ba sai ranar da na haihe ki. Da babana ya ji, ya zo da kanshi ya ɗauke ni. Bai buge ni ba. Kuka ya yi. Ya ce shekara arba'in yana wanke sunan uwatai daga gidanmu, ya yi salla, ya yi noma, har mutane sunka manta, ni kuma na tono shi a yini guda. Ya ce in ina son albarkarshi kada in bari kowa ya sani har in mutu."

"Baba ya sani?"

"Malam ya sani tun daren hwarko. Ya ce shi albasa yake nomawa, ba asali ba. Bai sake tada maganar ba." Ta share hawaye da bayan hannu. "Shekara ashirin da ukku ina jin 'yan mata na lalata min baiti na biyu a bakin rijiya, ban taɓa gyara ma kowa ba. Ranar nan kawai na duba ba kowa gida, gero ya yi kyau bana, ke kuma kin samu miji. Raina ya yi hwari, bakina ya suɓuce. Ki yahe min, yarinyar nan. Ni na kashe miki aure."

"Ki daina hwaɗin haka, Inna!"

Suka rungume juna suna kuka, tuwon rana bai tuƙu ba a gidan ranar.

Kafin mako ya zagayo, gidan Malam Hamidu ya zama kamar bakin kasuwa. Wasu su zo su ce a rera musu ko layi ɗaya, wasu su leƙo ta darni da waya a hannu. Wata mata ta taso tun daga Keita da 'ya'yanta uku, ta durƙusa ta kama ƙafar Inna A'i tana kuka, ta ce da waƙar nan aka raka ta, da ita aka raka ɗiyarta. Amma a bakin rijiya kuwa, matan da jiya ke kiranta "matar Malam" yau sai su ce, "Zabiya, a ɗan taɓa mana mana, guga ya yi nauyi," su kwashe da dariya.

Har Shamsu mai sono, wanda ke kunna kiɗa a duk bikin da aka yi a Tama, wanda Mardiya ta kora sau biyu, ya samu bakin magana. Ya tare ta a hanyar lambu yana murmushi.

"Mardiya, na ji masu albasa sun ce kina wari. Mu gidanmu ba mu ƙyamar waƙa, da ita muke ci. Ƙohwata a buɗe take."

"Ka bar ta a buɗe, awaki su shiga," ta ce, ta wuce. Sai da ta sha kwana ta bar hawayen suka zubo.

*

Ranar Laraba da hantsi Gwaggo Dela ta yi sallama. Ta zo da wata tsohuwa a matsayin shaida, da wani abu naɗe cikin farin ƙyalle a ƙarƙashin mayafinta. Malam Hamidu yana lambu, kuma da gangan ta zaɓi lokacin.

Aka shimfiɗa musu tabarma, aka kawo ruwa. Dela ba ta ko kalli kwanon ba.

"A'i, ni ba tashin hankali ya kawo ni ba. Yaron nan ya ƙi ci ya ƙi sha, yayana kuma ba ya son ya rasa ɗanshi. Shi ya sa ya ce a ba ku hanya."

"Muna godiya, Hajiya."

"Maganar kaka, wannan ta wuce, kowa ya tona asalinshi zai ga abin da bai so. Abin da Alhaji ba zai ɗauka ba shi ne a nuna shi a kasuwar Madawa a ce ga surukin mai waƙar him. In ba ke ba ce, ki ce ba ke ba ce. Tsoho mai kaset ya tsuhwa, kunne na iya yi mishi ƙarya. Waƙa kuma kowa na iya ƙara mata baiti."

Ta warware farin ƙyallen. Alƙur'ani ne.

"Ki yi alwala ki dahwa, ki ce ba muryarki ba ce a kaset ɗin nan. In ɗauka a waya a tura inda waccan ta tahi. Juma'a mai zuwa a sa rana."

Mardiya na tsaye a ƙofar ɗaki tana jin komai.

Dela ta san ita ce. Tsohuwar da ta rako ta ta san ita ce. Kai, duk ƙasar Adar an san ita ce! Ba gaskiya suka zo nema ba. Sun dai san ɗiyar mutumin da ya yi shekara arba'in yana gyara sunansa da salla ba za ta dafa Littafi a kan ƙarya ba, sai a ce ai an ba su hanya su suka ƙi.

Inna A'i ta daɗe tana kallon ɗiyarta. Ta kalli ramar da ta yi cikin kwana goma, ta kalli idanunta da suka kumbura. Sai ta miƙe a hankali ta ɗauki buta.

Fuskar Dela ta canza. Ba ta zaci haka ba.

Inna ta tsuguna a bakin magudana. Ta wanke hannu sau uku. Ta kurkure baki.

"Inna," in ji Mardiya.

Ba ta waiwayo ba. Ta shaƙa ruwa, ta wanke fuska.

"Inna, mi za ki yi?"

"Ke, koma ɗaki."

"Rantsuwa za ki yi a kan ƙarya? Da Alƙur'ani?"

"Na ce ki koma ɗaki! Ni na ɓata, ni zan gyara. Abin da zai same ni tsakanina da Ubangijina ne. Na yi shekara ashirin da ukku ina cewa ba ni ba ce da shiruna, yau in na hwaɗa da baki mi ya ƙaru?"

Mardiya ta ji kamar ana tsaga ƙirjinta. Taku uku ne tsakanin Inna da tabarmar nan, in Inna ta taka su ita ta samu Nazir. Ba sai ta yi komai ba. Ta yi shiru kawai, ta koma ɗaki kamar yadda aka ce mata, Juma'a a sa rana. Wallahi ta so ta yi shirun. Har ta ɗaga ƙafa.

Sai ta ga Inna ta kai hannu za ta shafi kai, leɓɓanta na motsi tana neman gafara tun kafin ta yi laifin.

Ta yi tsalle ta fizge butar, ta tuntsurar da ruwan duka a ƙasa.

"Ba za ki dahwa ba!"

"Ke! Kin haukace?"

"Na haukace! Ba ni son auren da za a ɗaura a kan wutar uwata!" Ta juya ga Dela. "Gwaggo, ɗauki wayarki ki ɗauka da kyau. Ita ce. Innata ce ta rera Sauka Lahiya. Ita ta raka ƙanwar Nazir, ita ta raka 'ya'yan Alhaji huɗu, ke ma da kin yi aure bayan hitowar waƙar da ita za ta raka ki. Kun sha kuka da muryarta, yau kuma ita ce abin ƙyama?"

Dela ta naɗe Alƙur'anin a natse, ta sumbace shi, ta miƙe.

"To, kin ji da kunnenki," ta ce wa tsohuwar. "Mun kawo hanya, sun ƙi. Kuma kin ga bakin ɗiyar. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrahe."

Da suka fita, Inna A'i ta zauna daɓas a cikin laka inda ruwan ya zube.

"Kin kashe kanki, yarinyar nan. Da kin bar ni."

"Da na bar ki, Inna, da wane ido zan dube ki ranar da za a sa ni mota?"

Da Malam Hamidu ya dawo, aka gaya masa. Ya ɗauki butar ya cika ta, ya ajiye a mazauninta. Washegari ya sa aka mayar da kayan tambaya Madawa, bai jira an aiko karɓa ba.

*

Nazir ya zo bayan kwana biyu, a gindin bedin nan dai. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Don mi, Mardiya? Kalma ɗaya ce. Da yanzu an gama."

"Da uwarka ce za ka bari ta dahwa?"

Ya rufe fuska da hannu biyu. "A'a."

"To."

"Mu gudu. Ina da aboki a Agadas, zai samo min aiki. A ɗaura muna aure can."

"In bar Inna da wa? Yau ana ce mata zabiya, gobe a ce zabiyar da ɗiyarta ta bi namiji. Kai ma ba za ka iya ba, Nazir. Kai da ba ka taɓa sayen buhu ɗaya ba sai ka kira Baba ka tambaya."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce.

"Sun ce Fa'iza," ya faɗa da ƙyar. "Bayan an kwashe albasa."

"Na sani. Tun ranar da Gwaggo ta ƙi shan ruwanmu na sani."

"Ba ni sonta. Wallahi ko an ɗaura, ke ce a raina har in mutu."

"Kar ka ce haka, ba ta yi maka komi ba." Ta goge ido, wani hawayen ya sake cikawa. "Abu ɗaya nake roƙonka. A nan Tama za a ɗauki amarya, gidan Gwaggo da namu katanga nawa ce? In ka taɓa sona ko na yini ɗaya, kada a sa waƙar nan. A bar Inna ta huta ranar."

"Na yi miki alkawari. Ko za a tsine min, ba za a sa ta ba."

Ya ciro wayar, ya goge ɗaukar a gabanta. Ta yi wani murmushi mai ciwo. Ya goge tasa, saura ta mutum dubu nawa?

*

Aka kwashe albasa, kamiyoyi, manyan motocin kaya, suka yi ta lodi suna fita. Ranar wata Asabar aka ɗaura auren Nazir da Fa'iza.

Tun safe Shamsu ya kafa sono a ƙofar gidan Dela, ya juya bakin lasifika ɗaya ya fuskanci gidan Malam Hamidu, don mugunta. Ya sa wannan ya sa waccan, amma bai sa Sauka Lahiya ba. Azahar ta yi bai sa ba. La'asar ta yi bai sa ba. Mardiya na daka a tsakar gida, Inna na gefe tana tsince wake. A ranta Mardiya ta ce, ko ba komai Nazir ya cika wannan alkawarin.

Sai aka ji motocin Madawa sun jeru, ana ta oda. Guɗa ta tashi. Za a fito da amarya.

Daga baya aka ba da labarin abin da ya faru a ƙofar gidan. Nazir ya tsaya a gaban sono ya ce ba za a sa ba. Tsofaffin mata suka ce ba su taɓa ganin an fitar da ɗiya a bushe kamar gawa ba. Amarya ta ƙanƙame ƙofar ɗakin uwarta ta ce ba ta fita sai da waƙarta, kamar kowace ɗiya. Dela da kanta ta ce, "Mu da mai waƙa muke da magana, ba da waƙa ba." Alhaji ya kalli ɗansa sau ɗaya. Nazir ya matsa gefe.

Muryar yarinya 'yar shekara goma sha bakwai ta cika garin Tama.

"Sauka lahiya ɗiyar mutane,
tulun da kin bari ni za ni ɗauka.
In kewa ta kama ki dubi gabas,
hayaƙin gidanmu ne ke tashi."

Tiren waken ya suɓuce daga cinyar Inna A'i. Ta toshe kunnuwanta da hannu biyu, ta sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinta.

Mardiya ba ta daina daka ba. Taɓarya na sauka, hawaye na sauka cikin turmi. Ta ji an buɗe ƙofar mota, ta ji an rufe. Baiti na biyu ya wuce. Ta ji motocin sun tashi ɗaya bayan ɗaya sun kama hanyar Madawa, da mijin da ya kamata ya zama nata, muryar uwarta na raka su.

Waƙar ta ƙare inda kaset ke ƙarewa. Garin ya yi shiru.

Ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Baitin nan na uku ne, wanda masu fim suka yanke don sun ce ya yi wa biki nauyi, wanda ta ji sau ɗaya tak a wayar Nazir.

"Wadda anka ɗauka an yi mata guɗa,
wadda anka bari wa zai raka ta?
Ta share gida ta koma turmi,
ba mai ce mata sauka lahiya."

Inna A'i ta ɗago kai a firgice. Muryar ce. Ita ce sak, har ɗan karyewar da take yi a ƙarshen layi, wadda ta sa Tsoho mai kaset kuka. Kuma ta ɗaga, ta haye darni, ta fita titi inda 'yan biki ba su gama watsewa ba.

Ta taso da gudu, tana tattaka waken da ya zube, ta toshe bakin ɗiyarta da tafin hannu, tana waige-waigen darni ko akwai mai waya a laɓe.

"Mardiya!" Karo na farko ke nan da ta kama sunan tun ranar suna. "Mardiya, yi shiru don Allah. Kada su ji ke ma kina da ita."